Sawun da Ya Kauce wa Ƙusa

Ummu Ragab mai gurasa ce ta fara cin karo da su. Ta fito da asuba za ta hura tanderu, ta ji ta taka wani abu mai laushi, ta sunkuya da fitila, sai ga mushen ɓeraye zube a bakin tanderun, wasu a gindin famfo, wasu a ƙofar maƙwabta. Ba ta yi ihu ba. A Kom Ramad ba a yi wa mushen ɓera ihu, don kowa ya san abin da ke biyo bayansa. Rami ake haƙawa a binne shi a ja baki a tsuke, kamar yadda ake tura mai zazzaɓi bayan buhuna in an hango ma'aikatan tsafta.

Sai dai ko fartanya ba ta kai ga ɗaukowa ba, amalanken farar ƙasa ya kunno kai, Likita Yanni na ofishin tsafta yana biye a keken doki da 'yan sanda. Ya leƙa ɓerayen daga nesa, hankici a hanci, ya yanke hukunci a tsaye. Annoba ta shiga Kom Ramad. Gobe da hantsi za a bi bukka-bukka, duk wanda aka tarar a kwance a ɗauke shi zuwa sansanin bakin teku, sauran su kwashe tsummokaransu, a cinna wa unguwar wuta.

Kom Ramad tudun toka ne. Kamfanonin matse auduga na Iskandariyya suka tara shi da tokar tukwanensu, 'yan dakonsu suka kafa bukkokin kara da gwangwani a kai, don su riƙa jin jiniyar safe. Hayaƙi da ƙurar auduga sun yi shekara da shekaru suna cin ƙirazan mutanen nan, ofishin tsafta bai taɓa aiko ko masinja ya ce musu sannu ba. Amma ɓera ya mutu, ga likita tun kafin rana. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tarin talaka a ƙirjinsa yake tsayawa, annoba ce kaɗai ke iya hawa tarago ta sauka a unguwar masu gidan sama.

"Wa ya gaya musu?" in ji Ummu Ragab bayan likita ya juya. "Ni da na taka su ban gama salati ba, su har sun ɗaura wa alfadari amalanke. Mafarki suka yi?"

Idanu suka koma kan Daifallah. Dogon tsoho ne, mutumin hamadar yamma, wanda ya yi ƙuruciyarsa wajen bin sawun ɓarayin raƙuma. Daga baya 'yan sanda suka ɗauke shi yana bi musu sawun masu laifi, da idonsa na hagu ya yi yana suka sallame shi. Yanzu gadi yake a wani siton auduga. Ya daɗe a Kom Ramad, ya auri 'yar unguwa, amma har yau in abu ya ɓaci sai a tuna ba a nan aka binne cibiyarsa ba.

"Kai ka ci gurasar 'yan sanda, Baba Daifallah," in ji wani ɗan dako. "Ko har yanzu suna rage maka?"

"Matata Zannuba na kwance tun sanyin bara," in ji Daifallah. "Kuna jin tarinta ta bango. Ita za su fara ɗauka gobe, kuma ku gaya mini wanda ya taɓa dawowa daga sansanin nan. Ni zan kira su? Ku tsaya inda kuke, kar wanda ya ƙara ɗaga ƙafa."

Ya tsuguna. Toka tana da kirki guda, in raɓar teku ta sauka a kanta ba ta iya riƙe sirri. Ɓeran da annoba ta kama yakan fito daga rami yana tangaɗi kamar mashayi, ya ja ciki, ya yi zagaye kafin ya faɗi. Waɗannan kuwa babu sawu ko ɗaya da ya kawo su inda suke. Ya juya ɗaya da kara, ya ga gashinsa ya ƙandare, farin gishiri ya bushe a kai. Irin ɓerayen tashar jirgi ne, waɗanda masu kamu ke nutsarwa a teku cikin keji.

"Ɓera ba ya tashi sama," ya ce. "A buhu aka kawo su."

Ya sami sawun mai buhun a lungun da ya hau daga bakin ruwan Mahmudiyya zuwa tanderu. Ba takalmi, amma ƙafar ba ta saba da hakan ba. Ƙafar ɗan dako a baje take kamar faifai, wannan kuwa yatsunta a matse suke, tana tsallake tsakuwar gawayi, diddigen hagu yana ɗan juyawa waje. Ƙafar mai takalmi ce da ta yi shigar talakawa. Abin da ya ɗaure masa kai yana tsakiyar lungun. A wurin da babu rami, babu taɓo, babu dutse, sawun ya kauce hagu, ya raɓi bango, sannan ya koma hanya, a hawa da kuma a sauka. Ya sha ganin Zannuba da Ummu Ragab suna yin haka a wurin, ya ɗauka tsirfar tsofaffin mata ce. To me ya haɗa mai takalmi da tsirfar tsofaffin Kom Ramad?

Ya karɓi kwanon kwaɓin Ummu Ragab ya kife a kan sawun, ya ce duk wanda ya ɗaga shi su haɗu.

* * *

Bai gama miƙewa ba ya ji hayaniya a bakin ruwa. Samari sun damƙe Uwais mai salka, suna jan sa a ƙasa. Tun da Ƙungiyar Gyaran Rayuwar Talaka ta kafa famfo a unguwar bara, kasuwar Uwais ta mutu, kuma ba wanda bai ji shi yana tsine wa famfon da masu shan ruwansa ba.

"Ɗaga ƙafarka," in ji Daifallah.

Uwais ya ɗaga. Tafin kamar busasshiyar fadama, faso ko'ina, yatsun kowanne ya kama gabansa.

"Ku sake shi. Wannan ƙafar ko an yi mata kyautar takalmi ba ta san ta inda ake shiga ba."

"Ka ji, Baba, ko a ceto sai an haɗa da zagi," in ji Uwais yana kakkaɓe jiki. "Ni famfon na tsana, ba ku ba. In an ƙone ku wa zan sayar wa ruwa, kifi?"

"Da asuba kana bakin ruwa. Wa ka gani?"

Uwais ya sosa ƙeya. Ya ce ya ga wani a kan matakalar dutse, jallabiya irin ta kowa, ya rufe kai da mayafi, yana wanke ƙafa. Ya ɗauka alwala yake. "Sai na ga ya goge ƙafar tas, ya zaro safa daga aljihu. Jallabiya da safa, Baba. Na ce yau kuma wane irin aljani ne ya fito. Fuskar dai ban gani ba."

Daifallah ya tari Likita Yanni a matakalar ofishinsa, ya gaya masa batun gishiri da buhu. Likitan ba mugu ba ne, gajiyayye ne, kuma gajiyayyen ma'aikaci ya fi mugu saurin sa hannu a takarda.

"Waya aka buga mana," ya ce. "Mushen ɓera mushen ɓera ne, tsoho. In ka yi kuskure, birni guda zai mutu a wuyana. Ka kawo mini mutum, ba labarin toka ba."

Waya. A duk Kom Ramad babu wanda ya taɓa kara ta a kunne.

* * *

Kowa a unguwar ya riga ya yanke wa Shaukat Bey hukunci. Shi ke da ƙasar da aka tara tokar a kai, shi ke riƙe da kujerar yankin a majalisar birni, kuma an daɗe ana cewa wani kamfani na son filin don ya gina sito. Daifallah ya same shi a barandar gidansa, ƙafafunsa a kumbure cikin daro, bara na zuba ruwan ɗumi. Kallo ɗaya ya isa. Wannan ƙafar ko masallaci sai a keken doki take zuwa. Amma mai kuɗi ai ba ya ɗaukar buhu da kansa.

Bey ya saurare shi, sannan ya yi dariya har ruwan daro ya fantsama.

"Ni na sa a ƙone ku? Kai tsoho, hamada ta soya maka ƙwaƙwalwa. Kowace bukka tana biyana kuɗin ƙasa. Ban gina bango ba, ban haƙa masai ba, rufi ya zuba ba ruwana. Sito kuwa sai na gina, na biya haraji, na ɗauki mai gadi irinka. Ku kun fi sito riba."

Ya faɗi haka ne cikin fara'a, kamar mai yabon gonarsa. Daifallah ya gane gaskiya mutumin yake faɗa.

"To wa zai ci ribar wutar, ranka ya daɗe?"

"Tambayi masu farin hankicin nan na Ƙungiya. Zaɓe ya matso, kujerata suke so. Kullum jarida, Shaukat Bey yana kiwon annoba a bayan gari. Gobe zan zo da kaina in hana. Ina son ku a nan, a yadda kuke."

A bangon zauren akwai waya. Daifallah ya gan ta da zai fita.

A zauren Ƙungiyar ma akwai waya. Ya tarar da layin mata da kwanuka a tsakar gida, ana jiran miyar wake. Ka'idar wurin ita ce sai an duba farcenka, ka zauna ka sha lacca kan amfanin sabulu, sannan a zuba maka. Sabulun dai ba a bayarwa. Sakataren Ƙungiyar, Nazmi Efendi, shi ne ke neman kujerar Shaukat Bey. Mutum ne tsaf, kwat da jar dara, gashin baki a gyare, kuma shi ya yi ta hawa da sauka har aka kafa famfon Kom Ramad. Ya tashi ya ba Daifallah kujera, abin da ba a saba yi wa mai gadi ba.

"Na ji, baba, kuma raina ya ɓaci," ya ce. "Mahaifina alƙali ne a Damanhur. Ban san ana kwana a kan toka ba sai da na zo birnin nan. Dubi wannan." Ya nuna zane a bango, gidajen bulo a jere, kowanne da taga. "Tun yaushe zanen nan yake gaban majalisa. Su Bey sun zauna a kansa. Ba abin da ke motsa su sai tsoro. In wuta ta share tudun nan, dole su gina."

"Kafin su gina, ina za mu kwana?"

"Za a yi haƙuri na ɗan lokaci."

"Matata na kwance, yallaɓai. Ƙurar auduga ce, ba annoba ba."

"Sansanin ai asibiti ne, baba. Akwai gado, akwai magani."

"Ka san wanda ya dawo?"

Nazmi Efendi ya gyara zaman takardun da ba su karkace ba. Sannan ya jawo aljihun tebur ya miƙa masa kwalbar maganin tari, ya ce a riƙa ba ta bayan abinci. Daifallah ya karɓa, yana satar kallon ƙasan tebur. Takalmi sau-ciki mai sheƙi, a kan daɓen da ba ya riƙe sawu. Ɗan alƙalin Damanhur kuma me zai sani game da lungun tanderu? Ya yi sallama ya fito.

* * *

Da la'asar ya koma gida. Unguwa ta cika da ƙullin kaya, mata na cire ƙusoshin gwangwani don kar wuta ta ci rufinsu. Zannuba na jingine da bango, ta rame har zoben aurenta ya koma babban yatsa. Tun tana budurwa take tsintar datti a cikin auduga, kamfani ya sallame ta ranar da tarinta ya fara damun mai duba aiki.

"Ka kamo shi?" ta ce.

"Na kamo ƙafarsa, na rasa kansa." Ya zauna ya ba ta maganin. "Zannuba, me ya sa kike kauce wa tsakiyar lungun tanderu?"

"Yau ka ga damar tambaya? Ka aure ni da baƙin gashi, sai da na yi furfura." Ta yi tari, ta huta. "Ƙusar Atiyya ce a wurin."

Ta ba shi labarin a gutsure, tana tsayawa neman numfashi. Atiyya mai zuba gawayi ne a tukunyar kamfani. Shekarar da ma'aikata suka ƙi fita aiki, masu gadin kamfani suka biyo su har unguwa da bindiga, Atiyya ya faɗi a tsakiyar lungun. Inda jinin wanda aka kashe ya zuba kuwa, sai an buga sabuwar ƙusa a ƙasa, in ba haka ba ifritu zai tashi daga jinin. Aka buga. Toka ta rufe ta tun tuni, amma duk wanda ya ga ranar ba ya taka wurin.

"Su wa suka rage cikin waɗanda suka gani?"

"Ni da Ummu Ragab. Kwalara ta kwashe wasu, kamfani ya cinye sauran. Waɗannan na yanzu duk baƙi ne, takawa suke kamar awaki."

"Babu namiji?"

"Sai ko Hassuna, in yana raye. Ɗan Atiyya da Sakina mai wanki. Shi ya riƙe ƙusar, maƙeri ya buga, don ɗan mamaci ke riƙewa. Hannunsa na rawa, sai da na dafa masa. Da Sakina ta rasu, mutanen gidan da take yi wa wanki suka ɗauke shi suka sa a makaranta. Ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba."

Daifallah ya daɗe yana kallon kwalbar maganin da ke hannunsa.

"Daifallah," ta ce, ta kama hannun rigarsa. "Ba mutuwa nake tsoro ba, mun daɗe muna gaisawa da ita. Kar ka bari su ɗauke ni. Baƙi su watsa mini farar ƙasa, su jefa ni ramin da ba ka san shi ba. A ɗakin nan nake so, Ummu Ragab ta wanke ni."

Ya tashi ya tafi wurin Ummu Ragab, ya ce yana son rariya da mata masu ƙarfi gobe da sassafe.

* * *

Da hantsi suka iso, kowa da abin da ya kawo shi. Likita Yanni da amalanken ɗaukar marasa lafiya da garewanin kananzir. Shaukat Bey yana dogara sanda, yana masifa. Nazmi Efendi da wani ɗan jarida mai akwatin hoto. Keken doki ba ya shiga lungun tanderu, dole kowa ya sauka a bakin ruwa ya hau da ƙafa. Babu wanda ya lura an share lungun tas, an barbaɗa masa rairayayyar toka, mutanen unguwa kuma sun jeru a can sama ba wanda ya sauko.

Daifallah ya bar su suka wuce, ya bi bayansu kansa a sunkuye. Likita ya taka tsakiyar lungun ya wuce. 'Yan sanda suka taka. Bey ya taka har ya kafa sandarsa a wurin. Nazmi Efendi na tafe yana yi wa ɗan jarida bayanin tagogi da iska mai kyau, idonsa a sama, hannunsa na zana gidaje. Da ya iso wurin, ƙafarsa ta ɗauke shi hagu, kafaɗarsa ta goga bango, ya koma hanya bai ko yanke maganarsa ba.

"Likita," in ji Daifallah, "ka ce in kawo maka mutum. Ku ɗan dakata."

Ya ɗaga kwanon kwaɓi. Ga sawun jiya ba takalmi, ga na yau da takalmi a gefensa, duka sun kauce a wuri guda, duka diddigen hagu ya juya waje. Ya kira Uwais ya maimaita batun safa. Mutane suka fara gunaguni suna matsowa.

Nazmi Efendi ya yi murmushi, amma wuyansa ya jiƙe. "Wannan wane irin wasa ne? Na kauce wa ƙazanta, shi ne laifi?"

"Babu ƙazanta, yallaɓai. Mata sun share shi da hannunsu."

"To na kauce ne kawai. Mutum ba shi da ikon ƙafarsa?"

"Yana da shi. Koma ka taka wurin."

"Me?"

"Ga shi nan, inda Bey ya kafa sanda. Kai ɗan alƙali ne, ka yi makaranta, ba ka yarda da ifritu ba. Taka mana mu gani, sai in ba ka haƙuri a gaban kowa."

Nazmi Efendi ya ɗaga kafaɗa, ya juya, ya isa wurin. Ya ɗaga ƙafar dama. Unguwa ta yi tsit, ana jin injin kamfani yana nishi daga nesa. Takalmin mai sheƙi ya tsaya a sama, ya sauko kaɗan, ya sake tsayawa. Sannan ya janye shi baya ya ajiye a gefe.

Ummu Ragab ta ratso mutane, ta leƙa fuskarsa kamar mai duba gurasa a tanderu.

"Hassuna," ta ce a hankali. "Ɗan Sakina. Ni na yi wa uwarka wankan jego da ta haife ka, shi ne ka zuba mini mushe a bakin tanderu?"

Ya cire jar darar. Da ya buɗe baki, ba muryar sakataren Ƙungiya ce ta fito ba, harshen Kom Ramad ne tsantsa.

"Eh, ni ne, Inna. Ni na ɗauko su a tashar jirgi, ni na buga waya. Ubana a nan ya faɗi kamar kare. Uwata a bukkar can ta tofar da huhunta. Na roƙi majalisa, na rubuta a jarida, na durƙusa wa masu kuɗi. Famfo ɗaya na samu, famfo ɗaya. Me kuke karewa? Toka? Wannan mutumin yana shan jininku kuna ce masa ranka ya daɗe." Ya juya kan Daifallah, idonsa jajir. "Kai mai bin sawu, me ke kashe matarka? Ɓerayena ne, ko wancan hayaƙin?"

"Hayaƙin ne," in ji Daifallah. "Ban ce ka yi ƙarya ba. Amma ka zo ka tambaye ta? Ka san ƙofar, ka san harshen. Da ka zo da rana ka ce, ni ne Hassuna, ku tashi mu je majalisa, da wasu sun bi ka. Sai ka zo a ɓoye, ka yanke mana hukunci kamar yadda su suke yi. Jiya na gaya maka tana kwance, ka san ita za a fara ɗauka, ka ba ni kwalba. Ita ce ta dafa maka hannu ranar ƙusar."

Hassuna ya zauna a kan tokar da kwat ɗinsa.

Likita Yanni ya share goshi, ya ce a mayar da kananzir, a juya amalanke. Ba annoba, ba wuta, ba wanda za a ɗauka. Bai ce a yi haƙuri ba, ya dai tambayi lokaci. Ɗan jarida da aka kawo don ya ɗauki hoton wuta ya juya akwatinsa kan mutumin da ya kawo shi. Shaukat Bey kuwa har da hawayen daɗi. Ya rungume Daifallah, ya sumbaci kansa, ya kira shi ɗan'uwansa a gaban jama'a.

"Ka cece ni, tsoho. Yanzu in ga mai ƙara kawo mini zancen gidajen bulo a majalisa. Ku zauna abinku, 'ya'yana, ba mai taɓa ku. Bayan zaɓe ma duba batun kuɗin ƙasa."

Kowa ya gane inda dubawar za ta nufa, amma mata suka yi guɗa, domin me za su yi. 'Yan sanda suka ɗaga Hassuna suka gangara da shi lungun. A tsakiya, yana tsakanin su biyu, ya ja su hagu.

* * *

Kafin azahar wani ma'aikacin Ƙungiyar ya zo ya kwance kan famfon. Ya ce manya sun zauna, sun ga mutanen Kom Ramad ba su san alheri ba. Uwais ya bi shi da kallo, ya ɗauki salkarsa ya gangara bakin ruwa, bai yi dariya ba.

Daifallah ya shiga bukka. Bututun kamfani na ta aman hayaƙi, toka na shigowa ta ramukan rufi tana sauka a kan bargon Zannuba kamar kullum. Ya goge goshinsa da hannun riga, inda Bey ya sumbata, ya sake gogewa.

"Na ji guɗa," ta ce. "Sun tafi?"

"Sun tafi."

"Wa ya yi?"

"Hassuna."

Ta rufe ido. "Ya taka?"

"Bai taka ba."

"Ɗan halak," ta ce. Tari ya taso mata, ya riƙe ta har ya lafa, ya ɓoye tsumman don kar ta ga abin da ke jiki, ko da yake ta riga ta gani. "To me ka samo mana, mai bin sawu?"

"Bey ya ci zaɓe tun kafin a yi. Famfo ya tafi. Gidajen bulo sun mutu. Ke kuma za ki mutu a ɗakinki."

"Shi kaɗai na roƙa," in ji Zannuba. "Kakkaɓe mini bargon nan, sannan ka kira Uwais. Ƙishi nake ji."